Yadda Ake Koyar da Yara Ninkawa da Rabawa ta Hanyar Jeri

A makarantunmu na firamare da yawa, darasin ninkawa yana farawa ne da hadda. Malam ya rubuta jadawali a allo, yara su haɗa baki su rera tun daga biyu sau ɗaya har biyu sau goma sha biyu, ba gargada. Amma ka ware ɗaya daga cikinsu ka ce masa, "Mai ƙosai ta ƙulla leda 6, kowace leda ƙosai 4, ƙosai nawa ke nan?" sai ya yi shiru, ko ya ce 10. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne. An ba shi amsa ya haddace tun kafin a nuna masa tambayar.

Hanya mafi sauƙi kuma mafi araha ta gyara wannan ita ce jeri, wato a shirya abubuwa sahu-sahu, kowane sahu adadinsa daidai da na ɗan'uwansa, kowane abu yana saitin na samansa. Yaron da ya gina jeri da hannunsa zai ga ninkawa da rabawa a wuri guda, ya gane abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu. Tun a 1966 masanin ilimi ɗan Amurka Jerome Bruner ya bayyana cewa yaro yakan fahimci abu ta hawa uku: ya taɓa shi da hannu, ya gan shi a zane, sannan ya rubuta shi da alamomi. A kan wannan tsari ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare tun shekarun 1980. Mu ma Hausawa mun daɗe da cewa gani ya kori ji.

Matakan da ke tafe sun dace da 'yan aji biyu da aji uku, da duk yaron da ya girme su amma ninkawa ba ta zauna masa ba. Sharaɗi biyu ne: ya iya ƙirga zuwa 50, ya kuma iya tara ƙananan lambobi.

Kayan da za a tanada

Ba a bukatar sayen komai. Marafan robar lemo ko na ruwa sun fi komai dacewa, domin ba sa gangarewa kuma girmansu ɗaya. A wanke su, a guji marafan ƙarfe saboda bakinsu yana yanka. Idan babu, tsakuwa ko ƙwallon dabino za su yi. Wake da gyaɗa sun yi ƙanana ga 'yan aji biyu, kuma wani zai kai su baki ko hanci. A nemo kwali mai faɗin littafi wanda za a riƙa yin jeri a kai, da tsinken tsintsiya ko guntun kara, da kiret ɗin ƙwai wanda babu komai a ciki.

Idan ajin ya cika, a kasa yara biyar-biyar, kowace ƙungiya da gwangwaninta mai marafa 30. Aji mai yara 80 zai ba da ƙungiya 16, ana bukatar marafa 480. Kowane yaro ya kawo 6 daga gida, an gama.

Mataki na ɗaya: daga kashi zuwa sahu

Fara da abin da yara suka sani. Babu yaron da bai taɓa ganin tumatir ko mangwaro kashi-kashi a kasuwa ba. Ka ce kowace ƙungiya ta yi kashi 3, kowane kashi marafa huɗu-huɗu. Ka zaga ka duba, domin a nan za ka ga wanda ya sa 5 a wani kashin, 3 a wani. Tambaye shi, "In kai ne mai saye, wanne za ka ɗauka?" Da kansa zai gyara. Ninkawa ba ta yiwuwa sai kashin ya zo daidai wa daida, kuma wannan shi ne tushen komai.

Daga nan ka ce su miƙar da kowane kashi ya zama sahu, daga hagu zuwa dama, sahu na biyu a ƙarƙashin na farko, na uku a ƙarƙashin na biyu. Su daidaita su kamar sahun sallah, babu giɓi, babu wanda ya fita. Yanzu ga jeri mai sahu 3, kowane sahu 4. Ka nuna musu cewa idan aka kalle shi daga sama zuwa ƙasa akwai layukan tsaye 4, kowanne da marafa 3.

Kada ka rubuta komai a allo tukuna. Ka riƙa ba da umarni da baki suna ginawa: "Sahu biyu, biyar-biyar." "Sahu biyar, bibbiyu." "Sahu huɗu, uku-uku." Bayan kowane gini a yi tambaya uku, kullum a jere ɗaya: Sahu nawa ne? Nawa ne a kowane sahu? Duka nawa ke nan? Su kansu yaran su fito gaban aji su yi jeri da jikinsu, sauran su faɗi abin da suka gani. Wannan matakin yana iya cin darasi biyu ko uku, kuma bai kamata a yi masa gaggawa ba.

Mataki na biyu: karanta jeri da rubuta shi

Da farko yara za su ƙirga marafan ɗaya bayan ɗaya. Ka bar su su yi hakan sau ɗaya ko biyu, sannan ka rufe jerin da littafi, ka riƙa buɗe sahu ɗaya-ɗaya suna faɗa: huɗu, takwas, sha biyu. Ƙirga da tsallake ke nan, kuma ita ce gadar da ke kai yaro daga tarawa zuwa ninkawa.

Yanzu ka je allo. Zana jerin da ɗigo manya, ka rubuta 4 a gefen kowane sahu, a ƙasa ka rubuta 4 + 4 + 4 = 12. Tambaye su, "Sau nawa huɗu ta fito?" Za su ce sau uku. Ka ce, "To, huɗu sau uku ke nan," ka rubuta 4 × 3 = 12. Alamar ninkawa ta shigo ne a matsayin gajeriyar hanyar rubuta abin da suka riga suka gani. Don su ji amfaninta, ka sa su rubuta 2 sau 9 da tarawa, su ga tsawon layin, sannan su rubuta 2 × 9.

A nan akwai abin lura. Yadda muke faɗa, "huɗu sau uku" na nufin huɗu a kowane sahu, sahu uku, don haka lambar farko ita ce abin da ke cikin sahu, ta biyu yawan sahun. Wasu littattafan suna fara rubuta yawan sahun. Amsar ba ta canzawa, amma a makonnin farko ka riƙe tsari ɗaya, ka kuma yi magana da sauran malaman da ke shiga ajin domin kada yara su rikice.

Kafin a bar wannan matakin a fito da kiret ɗin ƙwai. Gurabensa 30 ne, sahu 5 mai shida-shida. Kiret ɗin lemon kwalba kuwa 24 ne, sahu 4 mai shida-shida. Gurbin dara da manya ke haƙawa a ƙasa yawanci 30 ne shi ma. Ka ba su aikin gida su nemo jeri guda a unguwarsu: bulo da aka shanya, gilasan taga, shuka a kan kunya. Washegari kowa ya faɗi sahu nawa ya gani, nawa a kowane sahu.

Mataki na uku: juya jerin

Ka sa kowace ƙungiya ta gina 4 × 3 a kan kwali. Sannan su juya kwalin a hankali har gefensa ya koma sama. Yanzu sahu nawa ne? Huɗu. Nawa a kowane sahu? Uku. An ƙara marfi ko an cire? A'a. Ashe 3 × 4 ma 12 ne. Kada ka faɗa musu wannan a matsayin doka. Ka bari su gwada da 5 × 2, da 6 × 3, da 7 × 2, har wani a cikinsu ya ce, "Malam, ai kullum ɗaya ne." Ranar da yaro ya gano hakan da kansa ba zai manta ba.

Ribar wannan mataki babba ce. Jadawalin ninkawa daga 1 zuwa 10 yana da amsoshi 100. Wanda ya san juyawa, 55 kawai ke gabansa. Idan aka cire gidan 1, da 2, da 5, da 10, waɗanda yara ke saurin kamawa, saura 21. Ka faɗa wa yara wannan a fili, domin da yawansu tsoron yawan jadawalin ne ke kashe musu gwiwa.

A nan ne kuma za a warware gidan ɗaya da na sifili. Sahu ɗaya mai marafa 6 shi ne 6 × 1, amsar 6. Idan ba a yi sahu ko ɗaya ba, kwalin fayau yake, don haka 6 × 0 sifili ne. Yara da yawa suna rubuta 6 a nan saboda sun saba da tarawa, amma wanda ya kalli kwali babu komai a kai ba zai sake ba.

Mataki na huɗu: rabawa daga jerin da aka sani

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jinkirta rabawa zuwa wani zangon karatu, a kawo ta kamar baƙuwa. Da zarar yara sun iya ginawa da karanta jeri, a shigo da ita. Bambancin kawai shi ne a ninkawa ana ba ka sahu da abin da ke cikinsa ka nemo jimilla, a rabawa kuwa ana ba ka jimilla ka nemo ɗaya daga cikin biyun.

Rabawa iri biyu ce, kuma dole yara su taɓa kowace da hannu.

Ta farko ita ce rabo. "Inna tana da dabino 12, za ta raba wa 'ya'yanta 3 daidai. Nawa kowa zai samu?" Yara su ja layi 3 a kwali, layi ɗaya na yaro ɗaya, su riƙa ajiye marfi ɗaya-ɗaya a kowane layi suna zagayowa har marafan su ƙare. Jeri ya fito, kowane sahu 4. A rubuta 12 ÷ 3 = 4.

Ta biyu ita ce ɗiba. "Inna tana da dabino 12, tana ba kowane yaro 4. Yara nawa za su samu?" Wannan karon ba a san yawan sahun ba. Su ɗebi huɗu su jera, su sake ɗibar huɗu su jera a ƙasa, har su ƙare, sannan su ƙirga sahun. A rubuta 12 ÷ 4 = 3.

Ka ajiye jerin biyu kusa da juna su kalla. Jeri ɗaya ne, hanyar zuwa gare shi ce ta bambanta. Yawancin yara sun saba da rabo tun daga gida, ɗiba ce ke ba su wahala, ita ce kuma za su bukata idan suka kai ga doguwar rabawa a aji huɗu da biyar, inda ake tambayar sau nawa 4 za ta shiga cikin 12. Don haka a ba ta lokaci fiye da ta farko.

Mataki na biyar: jeri ɗaya, jimloli huɗu

Zana jeri mai sahu 3, biyar-biyar. Ka ce, "Wa zai ba ni duk abin da wannan jerin ke faɗa?" A hankali za su fito da huɗu: 5 × 3 = 15, 3 × 5 = 15, 15 ÷ 3 = 5, 15 ÷ 5 = 3. Lambobi ukun nan, 3 da 5 da 15, 'yan gida ɗaya ne. Kowace rana a buɗe darasi da jeri ɗaya, yara su rubuta jimlolinsa huɗu a cikin minti biyar.

Idan wani ya rubuta 3 ÷ 15 = 5, kada ka soke masa kawai. Ka ce ya ɗauko marafa 3 ya raba su sahu 15, biyar-biyar. Zai ga ba ta yiwuwa, ya gane cewa ninkawa tana juyuwa amma rabawa ba ta juyuwa.

Sai wasan ɓoye. Gina jeri, ka rufe shi da littafi, sahun sama kawai ke waje. Ka ce, "Duka marafan 20 ne, ga 5 a sahun farko. Sahu nawa ne?" Yaron da ya yi tunanin "biyar sau nawa ne ashirin" ya kama bakin zaren, domin ya fara warware rabawa da ninkawa.

Mataki na shida: saura, da lambobin da ba sa jeruwa

Ba su marafa 14 su jera huɗu-huɗu. Sahu 3 za su cika, 2 su rage. Kada a bari su yi guntun sahu. A ture biyun gefe a ce musu saura: 14 ÷ 4 = 3, saura 2. Tambaye su, "Saura zai iya kai 4?" Za su ga cewa da ya kai, da an yi sabon sahu. Daga nan sun san saura kullum bai kai abin da ake rabawa da shi ba. A haɗa da tambayar da ke sa tunani: yara 14, kowane benci yana ɗaukar 4, benci nawa ake bukata? Amsar 4 ce, domin biyun da suka rage ma sai sun zauna.

Wani aiki mai daɗi shi ne a ba ƙungiya marafa 12 a ce ta nemo duk jerin da za a iya yi ba saura. Za su samo 12 × 1, da 6 × 2, da 4 × 3, da juyinsu. Gobe a ba su 24. Jibi a ba su 13, su yi ta fama har su tabbatar sahu ɗaya kawai take yi, ko layin tsaye ɗaya. Haka 7 da 11. Su kuma lura da 9, da 16, da 25, waɗanda ke ba da jeri mai tsawo da faɗi daidai. Ba sai an ba waɗannan lambobi suna yanzu ba. Idan suka haɗu da su a manyan azuzuwa, za su tarar sun san su.

Mataki na bakwai: tsaga jeri da kara

Wannan ne makamin gidajen da ke ba yara wuya, wato 6, 7, 8 da 9. Ƙungiya biyu su haɗa marafansu su gina 7 × 8, sahu 8, bakwai-bakwai. A shimfiɗa kara a ƙarƙashin sahu na biyar. Jerin ya rabu biyu: na sama 7 × 5, wato 35, na ƙasa 7 × 3, wato 21. A tara, 56. Yaron da ya manta 7 × 8 yanzu yana da hanyar nemo ta ba tare da ya koma farkon jadawali ba.

Gidan tara kuma a gina sahu 10 a cire ɗaya: 6 × 10 sittin ne, a cire 6, saura 54. Gidan huɗu a ninka na biyu: 6 × 2 sha biyu ne, a sake wani irinsa, 24. Ka bar yara su matsar da karan inda suke so, su ga cewa ko ina aka tsaga, jimillar ba ta canzawa.

Ga 'yan aji uku da suka yi nisa, a gwada 13 × 4. Sahu 4, kowanne 13. A ajiye karan a tsaye bayan marfi na goma: 10 × 4 arba'in, 3 × 4 sha biyu, duka 52. Abin da ake yi ke nan a doguwar ninkawa, sai dai a nan ido yana ganin dalilin.

Mataki na takwas: daga marfi zuwa zane, daga zane zuwa hadda

Marafa tsani ne, ba a zama a kansu. Idan yaro ya iya gina kowane jeri ba tare da taimako ba, ya koma zana shi da ɗigo a littafi. Daga ɗigo ya koma littafin lissafi mai gida-gida, ya kewaye gidaje da fensir. Daga nan ya zana akwati kawai, ya rubuta 7 a sama, 8 a gefe, 56 a ciki. A rabawa a rubuta 56 a ciki, 8 a gefe, a bar saman fili ya cike.

Sai yanzu hadda ta zo, kuma tana da muhimmanci, domin yaron da ke zana ɗigo 56 a aji biyar zai makara a kowane lissafi. A fara da gidan 2, 10 da 5, sai 4 da 3, sannan sauran. Minti biyar kullum ya fi awa guda a mako. A riƙa tambaya a cakuɗe, ba a jere ba, ana haɗawa da rabawa. Duk wanda ya kakare, a ce ya zana, kada a faɗa masa amsar, kada kuma a kai masa bulala. Yaron da aka daka a kan lissafi tsoro yake koya.

Yadda za ka gane ko ya zauna

Kafin ka wuce gaba, kira yara ɗaya-ɗaya ko bibbiyu ka yi musu gwaji uku. Ka rubuta 6 × 3 ka ce su gina. Ka nuna musu jeri ka ce su rubuta jimlolinsa huɗu. Ka ce su ƙirƙiro labari da bakinsu wanda ya dace da 18 ÷ 3. Na ukun ya fi tona asiri, domin ba a haddace shi. Wanda ya kasa, a mayar da shi matakin da ya tsaya, a zaunar da shi kusa da wanda ya iya. Sau da yawa bayanin yaro ga ɗan'uwansa ya fi na malam shiga.

Iyaye ma suna da rawar da za su taka, ko da ba su yi boko ba. Uwa mai suyar waina za ta iya cewa ɗanta ya ƙirga ramukan tanda, ya faɗi waina nawa za a samu in an zuba sau uku. Uba mai shago ya sa 'yarsa ta jera sabulu sahu-sahu ta faɗi jimilla kafin ta ƙirga. Malam ya aika wa iyaye wannan saƙon ta bakin yaran ko a taron iyaye da malamai, ya kuma bar gwangwanayen marafan a aji har ƙarshen shekara, domin za a sake bukatarsu idan aka zo auna faɗin fili da raba abu gida-gida.